Gwajin Idon Alhaji Bilal a Dutsen Shahat

Tun da muka dawo Sabha ban samu na sha shayi cikin natsuwa a unguwar Jadid ba. Duk wanda ya ja kujera kusa da ni sai ya ce, "Malam Habu, wai da gaske ne Alhaji Bilal ya yi kuka a kan dutse?" Wasu sun ji cewa teku ya gani ya suma. Wani ma ya rantse mini cewa aljanun Rumawa ne suka rufe masa fuska, alhali ni nake wurin, shi kuwa yana Gatrun yana sauke buhunan albasa. Na gaji da gyara wa mutane labarin da aka yi a gabana, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni da kofina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Alhaji Bilal mutumin Agadas ne, yana tuƙi tsakanin Sabha da gida tun ni ina makarantar lakwal a Damagaram ana dukana a kan lissafi. Kaya yake ɗauka, da ƴan kasuwar da suke da kayan. Shekaru biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. Abin da ke kusa yana gani, na nesa kuwa sai fari fat. Saboda girmansa kowa ya riƙa rufa masa asiri. In ya ce, "Yau ba a ganin nisa," sai yaran tasha su ce, "Wallahi Alhaji ƙura ce, mu ma ba ma gani." Haka aka yi ta yi har ranar da ya wuce tano, wato gangar ƙarfen da ake kafawa alamar hanya, bayan Tummo bai gan shi ba, ya yi yini yana yawo da mutane a inda ba hanya. Allah ya kiyaye. Amma dattawan tasha suka karɓi makullin motarsa suka ba Musa, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai ƴaƴa huɗu, suka ce sai an yi masa aiki, kuma sai ya ci gwaji.

Direbobin sahara suna da gwajinsu na ido wanda ba a koyarwa a makarantar likita. Ana naɗe wa mutum fuska da rawaninsa, a kai shi wuri mai tudu. Shaida ya zaɓi abu uku na nesa a ransa. Daga lokacin da ya ce "na zaɓa", ba wanda zai ƙara buɗe baki, ko tari ba a so, har sai mai gwajin ya kwance rawani ya faɗi abin da ya gani. In ya ci, a ba shi makulli. In ya faɗi, ya koma bencin tsofaffi, inda ake zama ana bayanin yadda hanya ta fi kyau a da. Shaida kuma dole ya kasance ba dangi ba, ba direba ba. Ni malamin yara ne a unguwar Tayuri, ko amalanke ban iya tuƙawa ba, dangina kuma duk suna Damagaram. A karon farko a rayuwata rashin iya abu ya jawo mini muƙami.

Aka samo wa Alhaji likitar ido a Banghazi. Muka shirya mu uku, makulli a hannun Musa in ana tafiya, a aljihuna in an tsaya.

Rigimar farko a wurin loda kaya aka yi ta. Alhaji ya ce sai an ɗora bido-bido, wato jarkokin ruwa, da shebur, da faifan ƙarfen da ake sa wa taya in ta nutse a rairayi.

Musa ya ce, "Kawu, kwalta ce fa har can. Inda za mu je ruwa daga sama yake zuba."

Alhaji ya ce, "Ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"To ɗora."

Muka fita ta Wadi Bawanis da hantsi, gonaki da dabino a gefe, sannan ƙasa ta koma halinta. Nan na gane dalilin da ya sa Musa ya fi kowa yi wa kawunsa addu'ar samun lafiya. Alhaji bai ganin hanya, amma kunnensa ƙalau. "Ka makara da giya." "Wannan ramin tun bara yana nan, ba ka gaishe shi ba?" "Injin yana kuka kai kana murmushi." Kafin mu kai Hun, Musa ya juyo ya ce mini a hankali, "Malam, in gwajin nan ya ƙi, ni ma benci zan koma. Mota da shi a gefe ba sana'a ba ce, hukunci ne."

Ba mu ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma mun tsaya a bawwaba da yawa, wato shingen sojoji, har na daina mayar da iƙamata, takardar izinin zamana, aljihu. A wata bawwaba bayan Waddan wani soja ya leƙa bayan mota, ya ga ruwa da shebur, ya tambayi inda za mu. Musa ya ce Banghazi. Sojan ya kira abokinsa ya zo ya gani. Abokin ya kira na uku. Suka tsaya suna dariya, na ukun ya ce, "Ya Haj, rijiya za ku haƙa a asibiti?" Alhaji, da Larabcinsa na kasuwa wanda ya fi nawa na littafi amfani, ya ce, "Yaro, duk wanda na binne a hanya da kwalta ya fara tafiyarsa." Dariya ta tsaya. Suka ba mu dabino, suka ɗaga sandar.

Mun ci abinci a wata istiraha, irin rumfunan da direbobi ke hutawa. Abinci ɗaya ne, mbakbaka, taliyar da ake dafawa cikin miyar tumatir da barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Kowa da cokalinsa a kwano guda. Mu a gida baƙo ake tura wa nama. A nan naman yana tsakiya, ba mai taɓa shi sai taliya ta ƙare, kamar an ajiye alƙali ana jira a gama gardama.

Wajen Sirt muka fara ganin teku. Na karanta labarinta, na zana ta a allo da alli shuɗi shekara da shekaru, na kuma hukunta yaran da suka kasa faɗin sunanta. Da na gan ta sai na ji ya kamata in nemi gafarar yaran. Musa ya rage gudu, bakinsa a buɗe.

Alhaji ya ce, "Me ya faru? Taya ce?"

"Teku ce, Kawu."

Ya sauke gilashi ya shaƙi iska. "Warin gishirin Bilma take yi. Mu je. Zan gan ta in lokacinta ya yi."

A Banghazi muka sauka wurin wasu ƴan kasuwa Maraɗawa, a ɗakin da rabinsa katan-katan ne na takalma. Likitar mace ce, ba ta kai ƴar Alhaji ta fari ba. Ya yi ta gunaguni a kan hakan har aka shiga da shi. Da aka cire masa bandeji washegari, abin da ya fara gani fuskarta ce, ya ce da Hausa, "Ashe yarinya ce mai hankali." Ban san inda ya ga hankalin ba, amma na fassara. Aka yi ido ɗaya, aka huta, aka yi ɗayan. Muka yi zaman jinya har na san kowane lambar takalmi a ɗakin.

Ranar sallama likitar ta sa shi gaban allon haruffa, ya nuna mata inda kowane yake fuskanta har layin ƙasa. Ta ce ya warke, yana iya tuƙi. Ya ce bango ba sahara ba ne. Na yi mata bayanin gwajinmu, ina jiran ta yi fushi, sai ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce in tudu muke nema mu hau Jabal Ahdar mu je Shahat, garin kakanninta, daga can ana hango har teku da garin Susa a bakinta. Sannan ta kalli Alhaji ta ce, "Amma in ka ga farin nan ya dawo, kada ka jira, ka zo nan take." Na fassara masa kalma-kalma. Na yi aikina da kyau, kuma wannan fassarar ce ta kusa kashe mu.

Hawan Jabal Ahdar shi ne wuri na farko a Libiya da na ga shanu suna kiwo ba wanda ya sayo musu ciyawa. Itatuwa ko'ina, ƙasa ja, iska mai sanyi da danshi. Muka hau wata gada da aka rataya tsakanin duwatsu biyu, kwari a ƙasa mai zurfin da Musa ya karanta duk abin da ya haddace, ya ƙara da wanda bai haddace sosai ba. Alhaji yana sanye da baƙin tabarau yana kallo, bai yaba ba. Ya ce, "Ƙasar nan ba ta da nisa. Duk inda ka duba itace ya tare. Yaya mutum zai san abin da ke zuwa?"

A Baida muka kwana wurin Ɗanlami, Bakano mai facin taya, wanda Maraɗawa suka haɗa mu da shi. Da ya ji ni Badamagare ne sai ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yau Allah ya kawo mini bawana har gida. Shigo, shigo, ga tsintsiya can." Na ce masa kakannina sun taɓa zuwa Kano ba su ga abin ɗauka ba sai surutu, shi ma ga shi an fitar da shi ƙasashen waje. Muka yi ta yi har shayi ya nuna. Ya ga bido-bidonmu ya ce, "Jarkokin nan fa? Ko an ce muku gobara ake yi?" Ya ba mu gurasa da wata zuma ta dutsen nan mai ɗaci, wadda mutanen wurin suke ji da ita kamar magani. Alhaji ya lasa ya ce ƙudan da suka yi ta suna da damuwa. Amma ya cinye rabonsa da rabin na Musa. Barguna uku aka ba kowa, ban ga wanda ya mayar da ko ɗaya ba.

Gari ya waye tas, rana ta fito, sama shuɗiya kamar an wanke. Daga Baida zuwa Shahat ba nisa. A bakin ƙofar kufan tsohon birnin Alhaji ya cire tabarau, ya naɗe fuskarsa da rawani har ya rufe ido, ya miƙa wa Musa hannu. Mai gadin ƙofa ya dube mu ya ce ya ga masu yawon buɗe ido iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda aka kawo kallo a rufe ba. Na ce masa al'ada ce. Ya ce, "To shi ba sai ya karɓi tikiti ba."

Shahat tsohon birni ne da Girkawa suka gina a kan dutse tun kafin Annabi Isa, Rumawa suka gaje su, girgizar ƙasa ta gaje su duka. Mu a Sabha muna alfahari da ganuwarmu ta kan tudu. Wannan gari ne sukutum, da tituna, da kasuwa, da wuraren wanka, da ginshiƙan da mutum uku ba za su rungume ɗaya ba. Tun da ba a fara shirun ba tukuna, na ga dama ta samu in yi darasin da na daɗe ina tanadi. Na riƙa yi wa Alhaji bayani yana tafe a rufe.

"Nan dama da kai gumaka ne na mata, an yi su da farin dutse, sai dai ba kawuna."

"Wa ya cire?"

"Zamani, da ɓarayi."

"To da sauƙi. Ba za su gan ni haka ba."

Na faɗa masa sarakunansu da masanansu, ya ce uhum. Na faɗa masa kaburburan da aka sassaƙa a jikin dutse kamar shaguna, ya ce Allah ya ji ƙan musulmi. Muna gangarawa ta wata tsohuwar hanyar dutse sai ya ja ya tsaya, ya karkata kai.

"Malam, ruwa nake ji."

Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga kogo, tana bin kwatar da aka sassaƙa mata, tun zamanin masu ginin har yau. Na ce masa saboda ita aka kafa garin. Ya sa Musa ya kai shi, ya tsuguna ya taɓa, ya ɗanɗana. Ya ce, "Da wannan ka fara da ka huta. Mutanen nan direbobi ne." Duk karatun da na yi masa, nan kaɗai Girkawa suka samu yabo.

Ƙasa da maɓuɓɓugar akwai fili mai faɗi a bakin gangare, da ginshiƙai a bayanmu, gaba kuma ba komai sai sarari. Nan na fahimci abin da likita take nufi. Ƙasa ta shimfiɗu can ƙasa kore da ja, hanya tana lanƙwasa a cikinta kamar zare, a ƙarshe teku, a bakinta ɗan farin gari. Na gyara tabarau na zaɓa: wani gida shi kaɗai mai jan rufi a tsakiyar gona, garin Susa, da jirgin ruwa da ke can kan shuɗin, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Na ce, "Na zaɓa." Shiru ya hau kanmu.

Da Alhaji ya kwance rawani a lokacin, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Mutumin da sana'arsa ta shekara arba'in take rataye ba a ce masa ya taƙaita. Ya yi wa iyaye, ya yi wa malamai, ya bi abokan hanya da suka rasu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kuma sahara ta ci masa abokai da yawa.

Yana cikin haka na ga wani abu fari yana tasowa daga kwarin da ke hagu. Na ɗauka hayaƙi ne. Ba wari, ba iska, ba ƙara. Ya hau gangaren a hankali kamar garken tumaki, ya cinye teku, ya cinye Susa, ya cinye jan rufina, ya zo ya cinye ginshiƙan da ke bayanmu. Girgije ne da kansa, ya sauko ya zauna a kan dutse. Mu mun san gibli, guguwar sahara mai zuwa da ja da zafi da yashi a haƙori, kana jin sa tun daga nesa. Wannan sanyi ne da shi, da laushi, da ladabi.

Na buɗe baki, Musa ya zaro mini ido ya ɗora yatsa a leɓe. In shaida ya yi magana gwaji ya ɓaci, a tasha za a ce an taimaka masa. Na nuna masa girgijen da hannu biyu. Ya nuna mini kawunsa da hannu biyu. Muna wannan bebancin Alhaji ya shafa fatiha, ya kwance rawani.

Ya duba gaba. Ya lumshe ido ya sake buɗewa. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya ɗaga tafin hannunsa ya kalla, ya sake kallon gaba. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, ba Musa makulli."

Tun da ya yi magana, shiru ya ƙare, muka fashe tare. "Kawu, girgije ne!" "Alhaji, hazo ne, wallahi mu ma ba ma ganin komai!"

Ya yi murmushin da ban so in sake gani ba. "Haka yaran tasha suka yi ta ce mini. Allah ya yi muku albarka. Kusa ina gani, nesa fari. Na san shi, ya san ni. Yarinyar ma ta faɗa." Ya zauna a kan wani guntun ginshiƙi. "Musa, ka riƙa duba wa motar mai da kanka, kada ka bar wa yara."

Na rantse, na kawo hujja, na yi masa bayanin yadda iskar teku mai ɗumi take hawa dutse ta yi sanyi ta zama hazo, darasin da yaran aji biyar suke ci da maki mai kyau. Ya ce, "Malam, ka iya magana." Musa ya kama hannunsa ya shafa a rigarsa don ya ji danshi. Ya ce gumi ne. Shekara biyu ana yi masa ƙaryar tausayi da waɗannan kalmomin, yau da suka zama gaskiya ba su da sauran daraja. Makulli yana aljihuna ya yi nauyi kamar guduma.

Sai muka ji ƙara, kwaram, da salati, da wata kalmar da ba zan fassara ba. Wani mutum ya ɓullo daga cikin farin, ƙato, da jar hula, yana rungume da tukunya, yana ɗingishi. Ya yi karo da ginshiƙin da ya shekara dubu biyu a wurin bai matsa wa kowa ba.

Ya ce da Larabci, "Salamu alaikum, ya jama'a, kun ga wata tsohuwa da yara a kan shuɗiyar tabarma? Mota kawai na je ɗauko tukunya, na dawo duniya ta ɓace. Ya Hajja! Kuna ina?"

Alhaji ya ɗaga kai. "Zo nan, bawan Allah. Ka san mutanen nan biyu?"

"Ban taɓa ganinsu ba. Yanzu ma da ƙyar nake ganinsu."

"Idonka lafiya?"

"Ƙafata ce ba lafiya. Me ya sami idona?"

"Duba can. Me ka gani?"

Mutumin ya duba inda aka nuna, ya dubi Alhaji kamar mai tunanin ko a kira wani. "Me zan gani, ya Haj? Dabab ne. Kullum sai ya zo a wannan watan, Allah ya raba mu da shi. In an jima zai tafi."

 Sai kafaɗun Alhaji suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa, ya riƙe ciki, ya nuna ni da yatsa ya kasa magana. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe ƙasar ce take da yana!"

Mutumin sunansa Haj Miftah, daga Baida, ya kawo mahaifiyarsa da ƴaƴansa cin abinci a fili, abin da suke yi duk Juma'a. Muka nemo tsohuwar ta hanyar bin muryarta, domin tana ta faɗa tun kafin mu iso, ba su fi taku kaɗan daga inda muke ba. Da aka ba ta labari ta tafa hannu ta ce ba inda za mu sai mun ci. Aka kunna ɗan murhu, sai aka tarar Haj Miftah ya manta ruwan shayi a gida. Akwai maɓuɓɓugar Girkawa a bayanmu, amma Alhaji ya miƙe tsaye kamar wanda aka kira sunansa a filin yabo. "Musa, ɗauko bido." Haka aka dafa shayin Jabal Ahdar da ruwan Sabha da ya yi tafiyar ƙasa guda, kuma har yau ba a gama yi wa Musa gori ba. Shayinsu mai kumfa ne, kofi na ƙarshe da gyaɗar almon a ciki, ka sha ka tauna. Tsohuwar ta yi ta tura wa Alhaji nama tana cewa ido yana son maiƙo.

Muna kofi na biyu haske ya fara canzawa. Na ce wa Alhaji zaɓina yana nan, ban faɗa wa kowa ba. Ya ajiye kofi, ya je bakin gangare ya tsaya. Haj Miftah ya yi wa ƴaƴansa alamar shiru, har tsohuwar ta kama bakinta, wanda ɗanta ya ce mini daga baya shi ma abin tarihi ne.

Girgijen ya yage daga tsakiya kamar tsohon zane. Kore ya fara fitowa.

Alhaji ya ce, "Gida mai jan rufi, shi kaɗai. Akwai farar mota a gindinsa." Ban ga motar ba a farko, amma tana nan, ƙila zuwa ta yi muna shan shayi.

Farin ya ƙara ja baya. "Gari a bakin ruwa. Fari. Ya yi tsawo ta gabas."

Saura ɗaya, kuma shi ne mai wuya, domin jirgi ba gida ba ne, ba ya jiran shaida. Na duba inda na bar shi, babu. Teku ta buɗe gaba ɗaya, shuɗiya har inda ta haɗu da sama. Alhaji ya daɗe yana kallonta, ya bi ta daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, yadda yake bin hamadar Tenere da ido in ya hau tudu. Sannan ya miƙa hannu can yamma.

"Ga wani can yana tafiya shi kaɗai, ba tano, ba sawu. Allah ya kai shi."

Na bi yatsansa, na goge tabarau, na ga ƙwayar shinkafata. Na ciro makulli na sa masa a hannu. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa da ta tashi tsuntsaye daga kan ginshiƙai, Musa ya rungume Haj Miftah da tukunyarsa.

Bayan haka Alhaji ya ce a mayar da shi farkon kufai, ya ga abin da aka yi ta ba shi labari. Ya zaga ko'ina da idonsa, ya tsaya gaban matan nan marasa kai ya gaishe su. Shi ya tuƙa mu muka gangara Susa, hanya mai lanƙwasa, Musa a gefe yana cewa, "Kawu, ka makara da giya," yana kallon waje don kada a ga haƙoransa. A bakin ruwa aka gasa mana kifi. Alhaji ya ci kaɗan don kunya, ya ce nama ne da bai yanke shawara ba. Ya tuɓe takalmi ya shiga teku har idon sawu, ya ɗebo ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, "Duk wannan, ba na shayi ɗaya." Ya dubi bidonsa a bayan mota da ƙauna.

Dawowa ba abin da ya faru sai bawwaba da mbakbaka, da sojan Waddan da ya gane mu ya tambaya ko rijiyar ta yi ruwa. A tasha dattawa suka zauna, na tsaya na ba da shaida: abu uku na zaɓa, uku ya faɗa, ba wanda ya yi tari. Yanzu haka da nake rubutu yana hanyar Dirku da lodin dabino, Musa kuma ya samu wata motar yana tuƙi ba mai gyara masa.

Saura maganar kuka. Gaskiya ne lokacin da na sa masa makulli a hannu gemunsa a jiƙe yake. Shi ya ce girgije ne. Girgijen kuwa ya riga ya tafi, amma ni an ɗora ni shaida a kan abin da ya shiga idon Alhaji ne, ba a kan abin da ya fito ba.